Amsa ga mai son gyara bodin Fijon mahaifinsa a gida

Tambaya: Assalamu alaikum, Masta. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Peugeot 504 ƙirar salun, kuma yau shekara tara ke nan tana ajiye a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a gidanmu da ke Aboabo, a Kumasi. Injin yana tashi, amma fenti ya kumbura a ƙasan ƙofofi, sannan madigadin baya na dama ya lotsa. Ni malamin makaranta ne, ban taɓa aikin ƙarfe ba, amma ina sha'awar in gyara bodin da hannuna a ranakun Asabar da Lahadi, ba don in sayar ba. An ce in sayi fila da fenti in fara. Zai yiwu a gida, kuma ta ina zan soma?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya sa Aljanna ce makomarsa. Aikin zai yiwu a gida, kuma mafi yawansa bai fi ƙarfin mutum mai haƙuri ba, ko da kuwa alli kaɗai hannunsa ya saba riƙewa. Amma shawarar nan ta sayen fila (kwaɓin da ake shafawa a cike kwarin bodi) da fenti, ka ajiye ta a gefe tukuna, domin su biyun su ne na ƙarshe a jerin aikin, kuma wanda ya fara da su yakan yi aikin sau biyu. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina buga bodin mota a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kuma ba zan ɓoye maka ba, abinci mai yawa da na ci a Magazin daga warware aikin masu gaggawar shafa fila na same shi.

Kumburin da kake gani a ƙasan ƙofofi tsatsa ce ta ci ƙarfen daga ciki har ta fito waje. Idan ƙarfe ya daɗe yana haɗuwa da ruwa da iska sai ya rikiɗe ya zama tsatsa, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, shi ya sa take ɗaga fenti kamar ƙurji, sannan tana riƙe danshi kamar soso, don haka inda ta kama ba ta tsayawa da kanta. Kowace ƙofar mota ruwa yana shiga cikinta ta gefen gilashi, kuma masu ƙera ta sun san da haka, shi ya sa suka bar ƙananan ramuka a gindinta domin ruwan ya fita. Furen mangwaro da ganye da jar ƙurarmu ta Kumasi su ne suka toshe ramukan nan, sai taɓo ya kwanta a ciki damina bayan damina, alhali kaurin fallen ƙarfen bodi irin wannan bai wuce milimita 0.8 zuwa 1 ba. Idan ka shafa fila a kan kumburin ka fesa fenti, ka rufe fuskar da ake gani ne kawai, ciwon yana nan a baya yana ci, kuma kafin damina biyu ta wuce zai sake fitowa a wuri ɗaya, ya fi na da faɗi.

Saboda haka aikinka na farko bincike ne, kuma ba zai ci maka komai ba in ban da kuɗin sabulu. Ka tura motar ka fitar da ita daga ƙarƙashin mangwaron, ka wanke ta sama da ƙasa, ka kwance kujeru, ka ɗaga kafet tare da shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa, wadda ita ce ke shan ruwa ta kwana da shi a kan daɓen motar. Idan za ka shiga ƙarƙashi, kada ka amince da jak shi kaɗai, kada kuma ka ɗora mota a kan bulon siminti, domin bulo yakan dare ba sallama. Ka samo ƙafafun ƙarfe da aka yi domin haka, ko gumagumai na katako masu kauri. Kayan aikin ranar su ne tocila, da ƙaramar guduma, da tsohuwar sukundireba, da tabarau na kare ido, da maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle don kada ya karce fenti. Lafiyayyen ƙarfe idan ka ƙwanƙwasa shi yakan amsa da ƙara mai zaƙi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji shi dum kamar ka bugi jiƙaƙƙen kwali, garin tsatsa yana zubowa. Duk inda ka yi shakka ka danna sukundireba da ƙarfinka, kada ka ji tausayi, domin inda ta huda dama can rami ne fenti ya lulluɓe.

Maganaɗisun shi ne zai tona asirin waɗanda suka riga ka taɓa motar, tunda ba ya kama fila. Ka bi da shi a hankali a kan ƙofofi da madigadai, duk inda ya saki ka zagaye wurin da alli. Ina tuna wata tasi da aka taɓa kawo mana, tana ƙyalli kamar a lashe, mai ita yana kukan cewa ƙofar baya ta daina rufuwa. Da na sa giranda a dokin ƙofar sai farar ƙura ta turnuƙe, na yi ta ci har kaurin yatsa biyu ban ga ƙarfe ba, can sai ga ragar sauro irin ta taga, a bayanta kuma takardar buhun siminti ce aka cusa, ta jiƙe sharkaf. Wanda ya yi aikin gwanin sassaƙa ne, ban raina masa ba, amma motar nan mutum biyar take ɗauka zuwa kasuwar Kejetia kullum, kuma abin da ke riƙe da tsakiyarta takarda ce.

Abin da zai nuna ko motar ta cancanci wahalarka yana ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Fijo 504 salun ba ta da shasi daban wanda ake ɗora bodi a kansa irin na manyan motoci. Bodin shi ne ƙashinta, a jikinsa aka ɗaure injin da ƙafafu. Don haka tsatsar ƙofa ko ta madigadin gaba ko ta bonet ba abin tsoro ba ce, waɗannan kwancewa ake yi a canza. Wuraren da za ka dage a kansu su ne dokin ƙofa, wato doguwar akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi daga tayar gaba zuwa ta baya, da wuraren kafa jak, da daɓen da ƙafafun direba ke takawa, da kawunan shokazoba na gaba a cikin ɗakin injin, da ƙarafan da suka miƙe daga gaba suna ɗauke da injin, da wuraren da ƙafafun baya suka kama bodi. Ka duba gindin batir, inda ruwan batir ke zuba yana cin ƙarfe, ka kuma ɗaga robar gilashin gaba da ta baya ka leƙa. Sannan ka buɗe kowace ƙofa ka rufe, ka lura da tazarar da ke tsakaninta da bodi. Idan tazarar daidai take sama da ƙasa, motar ba ta sunkuya ba, kuma ramukan daɓe da na dokin ƙofa duk masu gyaruwa ne. Idan kuwa kawunan shokazoba sun ruɓe, ƙofofi kuma suna gogar juna, aikin ya tashi daga na sha'awar ƙarshen mako ya koma na gareji, kuma gara ka sani tun yanzu kafin ka zuba kuɗi.

Mu ɗauka ta tsallake wannan jarrabawa. Kafin ka kwance noti ɗaya, ka ɗauki hoton komai da wayarka, kuma kowane noti da kilif ka sa shi a leda ka rubuta inda ya fito, domin abin da ka kwance a Janairu ba za ka tuna da shi a Oktoba ba. Adon gefe da fitilu da bajo ka naɗe su a tsumma ka kai ɗaki, su ne suka fi wuyar samu. Robar gilashi kuwa, kada ka yanka ta sai ka riƙe sabuwa a hannunka. Idan ka same ta, yanka tsohuwar ya fi sauƙi da aminci a kan ƙoƙarin ɓanɓaro gilashi, wanda yakan tsage a hannun ɗan koyo. A wannan mota ka yi sa'a wajen kaya. An fito da ita a Faransa a 1968, aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna tun daga 1975 har cikin shekarun 2000, don haka gawarwakinta ba su ƙare ba a yankinmu. Ka fara da Magazin, in ba a dace ba a tambaya maka a Abossey Okai da Kokompe a Accra. Sau da yawa sayen lafiyayyar ƙofa ta hannu ya fi arha a kan gyara ruɓaɓɓiya, kuma idan ka sami gawar da dokin ƙofarta ke da rai, ka sa a yanko maka shi da rara a kowane gefe. Ka tafi da maganaɗisunka, domin kayan Accra iskar teku mai gishiri ta sha kaɗa su, kuma masu sayarwa ma sun san fila.

Kada ka kankare fentin motar gaba ɗaya a lokaci guda. Wannan kuskure ne da kusan kowane mai sha'awa yake yi, domin kankarar tana da daɗi kuma ana ganin ci gaba, amma tsiraran ƙarfe a danshin Kumasi kwana ɗaya ya isa ya yi ja. Ka ɗauki ɓangare guda, ka kankare shi da samfefa mai lamba 80, ka gama da shi ka rufe shi a ranar, sannan ka matsa. Idan da giranda kake aiki, kada ka daɗe a wuri ɗaya, musamman a kan rufi da bonet, domin zafi yana murɗe falle. Tsohon fenti na wancan zamani yakan ƙunshi dalma, ƙurarsa guba ce, kuma yara ta fi yi wa lahani. Gidajenmu na Zango kuwa ka san yadda suke, murhu a nan, shanya a can, yara a ko'ina. Ka kewaye wurin aikin, ka shimfiɗa leda a ƙasa, ka sa takunkumi na gaske, ka kwashe ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, kuma kayan aikinka kada a haɗa su da wankin gida.

Tsatsa iri biyu ce a wajen mai gyara. Wadda ta tsaya a fuska, ƙarfen yana da kauri a bayanta, ana goge ta har sai ƙarfe ya yi fari, sannan a shafa maganin tsatsa mai ruwan asid na fosforik domin ya kashe wadda ta maƙale a cikin ƙananan ramuka, a wanke shi yadda aka rubuta a jikin robar. Maganin nan siririyar tsatsa kawai yake iya juyawa, ba ya ratsa ɓawo mai kauri, kuma ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi. Wadda ta huda ko ta sa ƙarfe ya yi laushi, maganinta yanka. Ka yanke har sai ka kai ga ƙarfe mai haske mai cikakken kauri, ka ƙara kamar santimita biyu, sannan ka ɗora kwali ka zana siffar ramin, ka yanko faci daga falle mai kauri irin na wurin. Tsohon bonet ko fatar ƙofar wata mota shi ya fi dacewa da facin jiki, wuraren da ke ɗaukar nauyi kuma suna son falle mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.5. Kwanon rufi ba ya cikin lissafi: ya yi siriri, kuma tutiyar da ke jikinsa tana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi idan wuta ta taɓa ta. Zanen kwali da yanka da lanƙwasa faci har ya zauna a ramin baki da baki, duk wannan aikinka ne, kuma a nan ne za ka ji daɗin abin.

Walda ce ba zan ce ka koya a jikin motar Baba ba. Na'urar waldar lantarki ta masu ƙera ƙofofin gida huda fallen mota take yi kamar an sa garwashi a leda. Abin da muka saba da shi a Magazin waldar gas ce, kuma a hannun gwani tana yin kyau, sai dai zafinta yana yaɗuwa, kuma tukunyar kabayid ba abin ajiyewa ba ce a gidan da mutane ke kwana. Na'urar MIG mai siririyar waya ta milimita 0.6 ita ta fi sauƙin koyo, amma kuɗinta da na gas ɗinta sun yi yawa a kan mota ɗaya. Shawarata ita ce ka shirya facinka duka, ka ɗauko mai walda wanda aikin bodi ne sana'arsa, ka biya shi na yini, ka tsaya a kansa. Ka gaya masa kana son faci baki da baki a fatar waje, domin idan aka ɗora falle a kan falle ruwa yakan shiga tsakaninsu ya fara sabuwar tsatsa. Ka lura ya riƙa ɗiga walda nan da can yana barin wuri ya huce, kada ya ja dogon layi a tashi ɗaya. Kada ka yarda a liƙa dokin ƙofa ko wani wuri mai ɗaukar nauyi da jan ƙarfe, ko da an ce maka ya fi sauri. Idan za a yanke dokin ƙofa, a fara tokare bakin ƙofar da ƙarfe, a yi gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan, ana gwada rufe ƙofa a kowane mataki.

Kafin wuta ta kusanci motar, a cire batir, a sauke tankin mai a kai shi nesa. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin man ne ke fashewa. Ina yaron masta aka taɓa yin walda a daɓen wata mota, ni aka sa in cire shimfiɗa, na bar wani guntu a lungun da hannuna bai kai ba. Muka gama, muka tafi cin wake da shinkafa, muna dawowa muka tarar hayaƙi yana fita ta tagogi, kujerar baya ta kama. Tun daga ranar ba na barin mota sai na zauna kusa da ita na awa guda bayan an kashe wuta, da bokitin yashi da abin kashe gobara a gefena.

Lotsawar madigadin baya kuwa taka ce, kuma da ita za ka san ko hannunka ya karɓi sana'ar. Kana bukatar guduma mai faffaɗan kai mai santsi, da doli, wato dunƙulen ƙarfen da ake riƙewa a bayan falle ya zama kamar ƙaramar uwar maƙera. Ka dubi lotsawar da kyau: akwai tsakiyar da ta shige, akwai kuma tudun da ya taso ya kewaye ta, kuma tudun ne ke riƙe da ita. Ka tura doli a bayan wurin da ya shige, ka riƙa bugun tudun a hankali daga gefe kana zagayowa zuwa tsakiya, da bugu ƙanana masu yawa daga wuyan hannu. Idan ka ji guduma tana haɗuwa da doli da ƙara mai kaifi, to kana matse ƙarfen yana faɗaɗa, kuma fallen da ya faɗaɗa yakan koma yana ɓalle-ɓalle ciki da waje kamar murfin gwangwani, wanda sai an tsuke shi da wuta. Ka sayi ruɓaɓɓen madigadi na banza a Magazin, ka lotsa shi da gangan, ka yi Asabar biyu kana koyo a kansa. Ido yana ruɗi a wannan aiki, musamman a kan ƙarfe mai ƙyalli. Ka shimfiɗa siririn ƙyalle a tafin hannunka, ka kau da kai, ka shafa wurin gaba da baya, hannun zai gaya maka tudu da kwarin da ido bai gani ba.

Sai yanzu fila ta shigo, kuma aikinta ƙarami ne: cike 'yan kwarurrukan da guduma ta bari, a kaurin da bai wuce milimita 3 ba. Fila tana shan ruwa, don haka ba a toshe rami da ita, ba a shafa ta a kan tsatsa ko tsohon fenti, kuma ba a goge ta da ruwa. Ni na fi son a fara rufe ƙarfen da firaima, wato shafin farko kafin fenti, irin ta ifoksi, wadda ake haɗa ruwa biyu, domin ita ce ke hana danshi isa ga ƙarfe, kuma ana iya shafa ta da buroshi ko rola. Idan ta bushe a karce ta da samfefa a sa fila a kai. Akwai wata firaimar mai asid wadda ke cizon ƙarfe, ita ba a ɗora fila a kanta, don haka ka karanta gwangwani kafin ka biya. Ana haɗa fila da hadina, maganin da ke sa ta daskare, kimanin kashi 2 cikin 100, wato fila mai girman ƙwan kaza da hadina kamar ƙwayar gyaɗa biyu. Ka kwaɓa a kan fallen ƙarfe ko roba mai tsabta, ba kwali ba, kana shafewa kana ninkewa don kada iska ta shiga, har launin ya zama ɗaya. A zafinmu minti uku zuwa huɗu ne gare ka kafin ta kama, saboda haka kaɗan-kaɗan za ka riƙa kwaɓawa. Masu ƙara hadina don ta yi saurin bushewa su ne ke ganin tabo ya fito ta cikin fenti mai haske bayan 'yan watanni.

Gugar samfefa ita ce za ta cinye mafi yawan Asabar ɗinka. Kada ka goga da yatsu, domin yatsu suna bin kwari su ƙara masa zurfi. Ka naɗa samfefa a miƙaƙƙen katako mai tsawon kamar santimita 30, ka riƙa gogawa a karkace, hagu da dama, layukan suna gicciye juna. Lamba 80 ce ke fitar da siffa, 180 ta share sawunta, a kan firaima kuma a hau zuwa 320 da 400. Dabarar da za ta cece ka ita ce ka ɗan watsa baƙin fentin gwangwani sama-sama kamar hazo kafin ka goga: inda baƙin ya saura kwari ne, inda ƙarfe ya leƙo tudu ne. Idan ka gama da fila, ka sake rufe ta da ifoksi a ranar. Kafin kowane shafi ka goge wurin da ruwan cire maiƙo da ake sayarwa a shagunan fenti, ba fetur ba, kuma ka nisanta man goge dashbod daga wurin aikin, domin silikon da ke cikinsa ko ɗigo ne ya sauka a falle sai fenti ya tsage ya yi ramuka kamar idon kifi.

Yanayi ma yana da ta cewa. Damina a Kumasi sau biyu take, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, don haka watannin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, su ne na kankara da walda, lokacin da iska ta bushe. Ka kafa rumfa mai rufi wadda iska ke ratsawa. Kada ka ƙunshe motar da leda ko tamfol ya manne da jikinta, domin gumin da ke taruwa a ƙarƙashi yana shiga firaima, daga baya ya fito ƙuraje ƙanana a cikin fenti. Ifoksi kuma ba ta son zaman rana na watanni.

Game da feshin ƙarshe, zan gaya maka abin da wataƙila ba ka so ji ba: kada ka yi shi a gida. Fentin zamani da ake kira 2K, da firaima mai kauri ta irinsa, hadinarsu tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke haddasa asma da ba ta rabuwa da mutum, kuma takunkumin ƙura ba ya tare shi. Kariyar da ta dace ita ce takunkumin da ake turo masa iska mai tsabta ta tiyo. Kai da ka fesa za ka shaƙa, maƙwabciyar da ke shanya ma za ta shaƙa, ita kuwa ba ta da ko takunkumin. Ƙaramar kwamfaresa mai lita 25 kuma ba ta iya ciyar da bindigar feshi har a gama rufi, ga ƙurar hunturu, ga wutar lantarki da kan ɗauke ana tsakiyar bonet. Ka kai motar a shirye ga mai fenti wanda ke da rufaffen ɗakin feshi, tun da wuri kuma ka tambaye shi irin firaimar da fentinsa ke karɓa. Idan akwai ɓangaren da ka bar tsohon fenti, a gwada shi da tsumma mai tina, ruwan tsinka fenti: wanda ya narke ya biyo tsumma yana iya yamutsewa a ƙarƙashin sabon shafi, sai an kankare shi ko an rufe shi. Idan sha'awar riƙe bindiga ta matsa maka, ka roƙi mai fentin ya bar ka ka fesa cikin but ɗin motar, da kayan kariyarsa, yana tsaye a kanka.

Launi kuwa, na Baba nake ba ka shawara ka mayar. Banda abin da zuciya ke so, shi ne a takardun motar, kuma idan ka canza sai ka je DVLA, hukumar rajistar motoci, an gyara su. Launi mai duhu ma yana tona kowane tudu da kwarin da hannun ɗan koyo ya bari, mai haske yana rufa asiri. Wurin da aka buga lambar shasi da farantin da ke ɗauke da ita, kada giranda ta taɓa su, kada a yanke su, kada fila ta rufe su.

Bayan fenti akwai aikin da ba wanda zai gani ya yaba maka, kuma shi ke sa sauran ya daɗe. Kowane bakin walda a shafe shi da abin liƙe haɗin bodi, a fesa kakin hana tsatsa a cikin ƙofofi da dokin ƙofa da bayan kowane faci, inda wuta ta ƙone kariyar da ke ciki. Wasu suna ɗura baƙin mai, amma yana tsiyayewa, yana lalata roba, yana kuma kama ƙura. Kwalta a ƙarƙashin mota sai a kan ƙarfe mai tsabta da aka riga aka yi wa firaima. A kan tsatsa aljihun ruwa take zama. Bayan kakin ya zauna, ka zura tsinke a ramukan gindin ƙofofi ka tabbatar a buɗe suke, ka riƙa maimaita haka kafin kowace damina.

Ga mai aikin Asabar da Lahadi, ka sa a ranka shekara guda ko fiye, ka kuma riƙa sayen kaya gwargwadon ɓangaren da kake kai, domin hadina da ifoksi ba sa son dogon zama a ɗaki mai zafi. Wannan Asabar ɗin ka ɗaga kafet kawai, ka yi gwajin sukundireba, ka aiko mini da hoton kawunan shokazoba biyu daga cikin ɗakin injin, da na dokin ƙofa na kowane gefe daga ƙasa, da tocila a kunne. A gaida mutanen gida.